Fudenosuke mai taurin baki: alƙalamin da nake miƙa wa sabon shiga

Wanda ya ga rubutun adon nan na jikin kati, inda wani gefen harafi ya yi kauri wani ya yi siriri kamar zare, zai rantse na'ura ce ta buga. Alƙalami ne kawai mai bakin buroshi. In hannu zai gangaro ƙasa sai a danna, bakin ya baje, layin ya yi kauri. In zai haura sama sai a sassauta, tsinin kaɗai ya taɓa takarda. Faɗa da baki ba wuya, amma sai ka samu alƙalamin da zai bi hannunka.

Wanda ya bi nawa shi ne Fudenosuke na Tombow, kamfanin Japan da aka kafa a 1913. Iri biyu ne: mai taurin baki, jikinsa shuɗi mai duhu, da mai laushin baki, jikinsa baƙi. Na yi aiki da dukansu, kuma in mai koyo ya tambaye ni, mai taurin nake cewa ya fara da shi. Ba ya lanƙwashewa sai ka danna da gangan, ka ɗaga kuma ya koma yadda yake nan take. Hannun sabon shiga rawa yake yi wajen haurawa, to taurin nan yana rufa masa asiri.

Inda na fi jin daɗinsa shi ne wajen ƙ da ɗ da ɓ. Ƙugiyar nan ta saman harafi tana son layi siriri da zai lanƙwaso sannan ya faɗa cikin mai kaurin. Da babban buroshi sai ta cushe, ɗ ta koma d mai ƙulli a ka. Da wannan kuwa sai ta fito tsaf, ko a ɗan rubutun da bai wuce faɗin yatsa ba. Tawadarsa baƙa ce wuluk, in ta bushe kuma ba ta saurin bin ruwa, don haka ana iya shafa launi a kewayenta.

Shi dai na ƙananan haruffa ne: suna a bayan ambulan, kan shafi a littafin rubutu, lakabin jikin kwalba. Babban rubutu aikin yayansa ne, Dual Brush, mai launi 108 da baki biyu, buroshi a gefe ɗaya, siririn tsini a ɗayan. Tawadar wannan ruwa na narkar da ita, abin da ya sa ake wasa da ita ke nan. Ka goga shuɗi a kan leda, ka ɗebo shi da bakin alƙalami mai launin ruwan ɗorawa, ka fara rubutu: harafin farko zai fito kore, a hankali koren ya riƙa dushewa har ya koma ruwan ɗorawa zalla. Bakin kuma yana wanke kansa da ka ci gaba da jan layi. Sai dai yana da tsawo da laushi, sai hannu ya faɗa kafin a ji daɗinsa.

Akwai wani saiti mai araha da aka ba ni, launuka rututu, ba sai na kama suna ba. Kafin in cika shafi kaɗan bakin ya yi buzu-buzu, siririn layi ya zama biyu.

Amma fa ko alƙalami mai kyau takarda na iya kashe shi. Takardar fotokwafi tana da kaushin da ido ba ya gani, kullum tana cin bakin kaɗan-kaɗan. Mai santsi irin ta kamfanin Rhodia nake amfani da ita, in babu kuma takardar kwafe zane ma ta wadatar wajen gwaji. Riƙon ma da nasa: a karkace, wajen digiri 45, ba a tsaye kamar biro ba, don gefen bakin ne ke ba da kauri. Kuma ba a jan kalma da numfashi ɗaya. Kowane harafi gaɓa-gaɓa ake yinsa, a ɗaga alƙalami, a dawo a haɗa.