Kafin ka biya kuɗin kallon anime: wane dandali ne ya cancanci kuɗinka?

Duk mai bin shirye-shiryen zane na Japan da ake kira anime ya san cewa samun shirin ya yi sauƙi a yau fiye da shekarun baya, amma abin da ke damun mai kallo shi ne yadda shirye-shiryen suka warwatsu a hannun kamfanoni daban-daban, kowanne da kuɗin da yake karɓa duk wata. Mutum zai biya wa wani dandali saboda shiri ɗaya, sai ya wayi gari ya ga zango na biyu na wannan shirin ya koma wani dandalin. Saboda haka shawarata ita ce kada mutum ya zaɓi dandali don girman sunansa ko yawan tallarsa. Ya fara rubuta sunayen shirye-shiryen da yake son kallo a watanni uku masu zuwa, ya bincika wanda ke riƙe da lasisinsu a ƙasar da yake zaune, daga nan ne zai san inda kuɗinsa ya kamata ya tafi.

Ya kamata a fahimci dalilin wannan warwatsuwar, domin daga cikinsa ne sauran hukunci ke fitowa. Mafi yawan shirye-shiryen anime ba kamfani ɗaya ne ke ɗaukar nauyinsu ba. Akan haɗa kwamitin masu zuba jari, wanda ya ƙunshi mawallafin littafin da aka ɗauko labarin, da gidan talabijin, da kamfanin waƙa, da masu sayar da kayan wasa, kuma wannan kwamitin ne ke sayar da haƙƙin nuna shirin a ƙasashen waje. Ana sayar da haƙƙin ne yanki-yanki, na wani ƙayyadadden lokaci, kuma sau da yawa wanda ya fi ba da kuɗi yakan sa sharaɗin cewa shi kaɗai zai nuna. Wannan ne ya sa shirin da ke kan wani dandali a Amurka zai iya ɓacewa gaba ɗaya idan aka buɗe wannan dandalin a Kano ko Maraɗi ko Kumasi, kuma shi ya sa shirin da ka fara kallo bara zai iya sauka bana idan wa'adin lasisinsa ya cika ba a sabunta ba.

Crunchyroll shi ne babba a wannan fage, kuma girman nasa ya samo asali ne daga haɗiye abokan hamayya. Kamfanin Sony ya sayi mafi yawan hannun jarin Funimation, wani kamfanin anime na Amurka, a 2017, sannan ya kammala sayen Crunchyroll daga hannun AT&T a watan Agustan 2021 kan dala biliyan 1.175, kuma daga Maris na 2022 aka fara kwashe kayan Funimation zuwa Crunchyroll. Wakanim na Faransa da AnimeLab na Ostareliya su ma sun narke a cikin wannan gida. Sakamakon haka shi ne mafi yawan sababbin shirye-shiryen da ke fitowa a kowane zango, wato a Janairu da Afrilu da Yuli da Oktoba, suna sauka ne a Crunchyroll jim kaɗan bayan an nuna su a Japan, da fassarar rubutu a ƙasan allo. A nan aka riƙa bin Jujutsu Kaisen da Chainsaw Man da Frieren da Solo Leveling mako-mako. Ga wanda jin daɗinsa shi ne ya kalli sabon kashi a ranar da ya fito, kafin wani ya tona masa labarin a Facebook ko TikTok, babu wani dandali da ya kai wannan, kuma ba na ganin akwai wata doguwar muhawara a kai.

Sai dai a lura da matakan biyansa. A Amurka, a shekarar 2024, ƙaramin matakin yana kan dala 7.99 a wata, na tsakiya ya tashi daga 9.99 zuwa 11.99, babban kuma daga 14.99 zuwa 15.99. A wancan lokaci ƙaramin matakin na'ura ɗaya kawai yake bari a kalla a lokaci guda, kuma ba ya ba da damar sauke shiri a ajiye, alhali na tsakiya yana ba da na'urori huɗu da damar saukewa. Farashin yana canzawa, kuma kamfanin yana da farashi daban ga ƙasashe da dama, don haka abin dogaro shi ne adadin da shafin biya ya nuna maka a ƙasarka. Ga mai zaune a inda sabis ke yankewa, damar saukewa ta fi kowace ƙarin garaɓasa amfani, domin ita ce ke ba mutum damar sauke kashi goma a lokacin da data ke da arha ya kalla a natse daga baya. Babban matakin kuwa an gina shi ne a kan rangwamen kantin kamfanin da makamantansu, abubuwan da ba su da wani amfani ga wanda ba ya sayen kaya daga can.

Akwai darasi mai ɗaci a tarihin wannan kamfani wanda ya kamata kowane mai biya ya riƙe. Lokacin da aka rufe manhajar Funimation a ranar 2 ga Afrilun 2024, mutanen da suka mallaki kwafin intanet na shirye-shirye ta hanyar sayen faifai sun tarar ba a kwashe musu waɗannan kwafin zuwa Crunchyroll ba. Mai biyan kuɗin wata-wata ɗan haya ne, ranar da mai gida ya sauya shawara sai ya tattara ya fita hannu rabbana. Wanda yake da shiri guda da yake so ya riƙa komawa kansa shekara da shekaru, faifai ko littafin labarin ne kawai zai tabbatar masa da hakan.

Netflix kuma wata hanya ya bi. Ba ya ƙoƙarin ɗaukar kowane sabon shiri, yakan zaɓi kaɗan ya zuba musu kuɗi ya riƙe su shi kaɗai, kamar Devilman Crybaby a 2018, da Cyberpunk: Edgerunners a 2022, da Pluto a 2023. Shi ne ya kawo Neon Genesis Evangelion ga duniya a Yunin 2019, kuma daga Fabrairun 2020 ya fara nuna finafinan Studio Ghibli, fitaccen kamfanin zane na Japan, a mafi yawan ƙasashe, ban da Amurka da Japan. Wannan na ƙarshe misali ne na inda rabon yanki ya yi wa mai kallo a Afirka daɗi, tun da mai Netflix a Najeriya ya samu abin da takwaransa na Amurka sai ya biya wani dandalin daban kafin ya gani. Ƙarfin Netflix na biyu shi ne ɗora murya, domin yakan fitar da shiri da muryoyin Turanci da Faransanci da wasu harsuna, abin da ke da muhimmanci ga wanda karanta rubutu da sauri ke gajiyar da shi.

Rauninsa kuwa tsohon ƙorafi ne a wajen masoya anime, wato riƙe shiri har sai an tara kashi da yawa sannan a sake su gaba ɗaya. Haka aka yi da JoJo's Bizarre Adventure: Stone Ocean, wanda aka fara saki a Disambar 2021, masu kallo suka jira watanni masu yawa kafin rukuni na biyu ya fito, har zafin hirar da ake yi a kansa ya huce. Kamfanin ya sassauta daga baya, ya nuna Delicious in Dungeon mako-mako daga Janairun 2024, kuma Dandadan ya fito a kansa da Crunchyroll a lokaci ɗaya a Oktoban 2024. Duk da haka, a ganina Netflix ya dace ne da gidan da dama can ana biyansa saboda finafinan Indiya da na Koriya da na Najeriya, inda anime zai zo a matsayin ƙari. Yana da tsarin waya kaɗai mai rahusa kuma yana karɓar naira, ko da yake ya ƙara farashinsa a Najeriya har sau biyu a cikin 2024, kuma tun 2023 ya tsaurara kan raba asusu da wanda ba gida ɗaya kuke zaune ba, don haka dabarar abokai biyar su haɗa kuɗi ba ta tafiya yadda take yi a da.

Sauran dandalin uku, wato Disney+ da HIDIVE da Prime Video, kowanne yana riƙe da 'yan shirye-shirye masu jan hankali, kuma a nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Disney ne ya samu Bleach: Thousand-Year Blood War a Oktoban 2022, yana nuna shi a Hulu a Amurka da Disney+ a wasu ƙasashe, sannan ya ɗauke zango na biyu na Tokyo Revengers a Janairun 2023 bayan an kalli na farko a Crunchyroll. Amma da Disney+ ya shigo Afirka a 2022, Afirka ta Kudu da ƙasashen arewacin nahiyar ya shiga, babu Najeriya ko Nijar ko Gana a cikin jerin. HIDIVE, wanda AMC Networks ya saya tare da Sentai Filmworks a 2022, shi ne ya nuna zangon farko na Oshi no Ko da The Eminence in Shadow, sai dai a Disambar 2023 ya janye daga mafi yawan ƙasashe ya tsaya a Amurka da Kanada da Birtaniya da Ireland da Ostareliya da New Zealand. Ga Bahaushen da ke karatu ko aiki a London ko Toronto, waɗannan biyun zaɓi ne na gaske. Ga na gida kuwa, ya tabbatar dandalin yana aiki a ƙasarsa kafin ya sayi katin biya daga hannun wani ɗan kasuwa a intanet. Ɓoye ƙasa da manhajar VPN ya saɓa wa sharuɗɗan amfani na irin waɗannan kamfanoni, kuma kuɗin wannan manhajar ƙarin nauyi ne a kan aljihu.

Prime Video na Amazon yana aiki a Najeriya, amma kayansa na anime ba su da yawa. Shi ne ya riƙe zangon farko na Vinland Saga a 2019, alhali na biyu ya fito a Netflix da Crunchyroll a 2023, kuma shi ne ya saki fim na ƙarshe na jerin Evangelion a Agustan 2021. Wata ɗaya ya isa mutum ya kalli abin da ya kai shi can.

Akwai kuɗin da ba ya cikin farashin da kamfanonin ke tallatawa, kuma ga mai kallo a waya yakan iya zarce kuɗin rajistar kanta. Kashi ɗaya na anime yakan kai kusan minti 24, zango mai kashi 12 kuwa ya kusa awa biyar. A lissafin Netflix, awa ɗaya tana iya cin har gigabait 1 a matsakaicin hoto, har gigabait 3 a hoto mai kaifi, wanda ke nufin zango guda zai iya lashe gigabait 5 ko kusan 15, ya danganta da yadda aka saita manhajar. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan lissafin ya ƙara nauyi a Najeriya. A ƙaramin allon waya bambancin hoton bai taka kara ya karya ba, don haka rage ingancin hoto a saitin manhaja shi ne ragi mafi sauƙi da mutum zai yi wa kansa. Wanda ya ƙuduri aniyar bin One Piece, mai kashi sama da 1,000, ya yi wannan lissafin tun kafin ya fara.

Haka nan a duba harshen fassara kafin a biya, domin lasisin harshe ma yana bin yanki. Mai kallo a Yamai ko Garwa ko Njamena da ya fi sakewa da Faransanci, ko wanda ke Sudan da ya fi son Larabci, ya buɗe shafin shirin da yake so ya ga ko akwai harshensa, kada ya ɗauka cewa kasancewar harshen a wani shiri yana nufin yana kan duka. Magidanta kuma su sani cewa zane ba ya nufin abin yara, da yawa daga cikin shirye-shiryen da aka ambata a sama na manya ne, masu zubar da jini da abubuwan da ba su dace da ƙananan yara ba. Netflix yana da ɓangaren yara da lambar sirri da ake kulle ɓangaren manya da ita, kuma wannan dalili ne mai ƙarfi na fifita shi a gidan da yara ke ɗaukar wayar iyayensu.

Idan aka haɗa duk wannan, tsarin da na fi gamsuwa da shi shi ne riƙe dandali ɗaya a matsayin na dindindin, sauran kuma a riƙa shiga ana fita. Mai riƙe da dandali uku duk shekara yana biya sau 36, alhali mai riƙe da ɗaya yana leƙa wani na wata guda a ƙarshen kowane zango, lokacin da shirin da yake jira ya kammala fitowa, sau 16 kawai zai biya, kuma abin da ya rasa bai wuce kallon wasu shirye-shirye a makon da suka fito ba. Mai bin sababbin shirye-shirye ya riƙe Crunchyroll, mai kallo jefi-jefi tare da iyali ya riƙe Netflix. Biyan shekara guda a dunƙule yana zuwa da ragi, amma ban ga hikimarsa ba sai ga wanda ya riga ya shafe watanni yana amfani da dandalin kusan kullum, tun da babu kamfanin da ke alkawarin cewa shirin da ya jawo ka zai ci gaba da zama a wurinsa har ƙarshen shekarar. A dandalin da aka shiga don wata ɗaya kuwa, a kashe sabuntawa ta kai tsaye a ranar da aka biya, domin damar kallo tana ci gaba har ƙarshen watan, kuma idan ta hannun Google Play ko App Store aka yi rajistar, to a can ne za a soke ta, goge manhajar daga waya ba ya hana a ci gaba da cire kuɗi.