Shekara guda da Vibe ta hannu: abin da na biya dillali da abin da motar ta karɓa daga baya

A ƙarshen kakar 2024, bayan na sayar da riɗi da zoɓo, na kai shanun kiwo biyu kasuwar Maigatari ranar Alhamis, sannan na kwashi adashen da muke yi da abokan aiki a makarantar firamaren da nake koyarwa, sai na sami naira miliyan 6 da dubu 200 a hannuna. Ban taɓa riƙe kuɗi mai yawan haka a lokaci guda ba. Shekara 11 ina hawa babur, kuma tun da ciwon ƙafa ya matsa wa mahaifiyata, har ya zama duk wata sai an kai ta asibiti a Gumel, na ƙudurta cewa duk ranar da hali ya samu mota zan saya. Yanzu da motar ta cika shekara a hannuna, ina ganin na isa in faɗi yadda na same ta, da kuma yadda na yanke shawarar adadin kuɗin da zan kashe, domin a nan ne na fi shan wahala, kuma a nan ne na yi kuskuren da har yau nake jin ɗacinsa.

Lissafina na farko shi ne, mai miliyan 6 motar miliyan 6 zai nema. Yayana, wanda ya daɗe yana tuƙa motar haya tsakanin Gumel da Kano, shi ya rushe mini wannan lissafi a zaure, da 'yar takarda da biro. Ya ce mini: "Malam, ba a gama sayen mota ranar da aka biya kuɗinta, ranar ne ma ake farawa. Faɗa mini tukuna, da me za ka sayi taki idan damina ta faɗi?" Na yi shiru, domin ban tanadi amsa ba. Nan take muka ware naira dubu 800 na taki da iri da ƙwadago, ya ce wannan ba kuɗin mota ba ne, ko da za a ba ni jirgin sama a kansa. Abin da ya rage, wato miliyan 5 da dubu 400, ya raba shi huɗu, ya ce kashi uku ne na dillali, kashi ɗaya kuma na makanike da mai taya da ofishin takardu. Iyakata ke nan ta zama miliyan 4 da dubu 50. Na ji zafin maganar, amma ban sami inda zan kama in musa ba.

Wanda rabonsa da tambayar farashin mota tun kafin 2023 zai ruɗe idan ya shiga wuraren sayar da motoci a Kano yanzu. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma da yake da farashin dala ake lissafa kuɗin kwastam, motocin da muke kira Beljiyam, waɗanda aka yi amfani da su a waje amma ba su taɓa taka titin Najeriya ba, sai suka fi ƙarfin irinmu. Su kuma na hannu, waɗanda suka riga suka sha ramukan ƙasar nan, sai suka bi sahu, domin kowa can ya koma. Na ɓata kwana guda cur ina cewa dillalai "ai bara waccan kaza ake sayar da ita", su kuma suna yi mini kallon baƙauye, kuma da gaskiyarsu.

A cikin iyakar da aka yanka mini akwai Golf 3, wadda babu makaniken da bai san cikinta ba daga Gujungu har Maigatari, sai dai duk waɗanda na gani sun sha haya har sun gaji, ga shi kuma tun kafin shekarar 2000 aka daina ƙera ta. Corolla ta 2003 zuwa 2008 ita raina ya fi so, amma masu ita sun san darajarta, ko tayi ba sa saurara. Abin da ya kusa kayar da ni shi ne wata babbar mota baƙa, mai kujerun fata, tana sheƙi, wadda aka ce in kawo miliyan 3 da dubu 800. Dillalin ya buɗe mini ƙofa yana cewa: "Alhaji, shiga ka ji, idan ka shiga ƙauye da wannan, mai gari ma sai ya miƙe." Ni da ban taɓa zuwa Makka ba, sai ga shi na zama Alhaji a bakin dillali, kuma ba zan ɓoye ba, maganar ta yi mini daɗi. Makaniken da na ɗauko daga Gumel ya ɗaga bonet, ya ce mini injin mai fulogi shida ne, ya rufe, bai ƙara cewa komai ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura 1,000 a lokacin da nake wannan ciniki, shi ya sa masu manyan injina suke neman kai da su. Arahar a wajen saye kaɗai take.

Daga ƙarshe muka tsaya a kan Pontiac Vibe ta 2005, mai giyar otomatik. Sunan na Amurka ne, kuma an daina ƙera motoci da sunan Pontiac tun 2010, amma haɗin gwiwa ce tsakanin General Motors da Toyota, don haka injinta mai lita 1.8 irin na Corolla ne sak, kuma a wajen taimin, wato abin da ke daidaita tafiyar injin, sarƙa yake amfani da ita maimakon bel, wanda hakan ya rage fargabar tsinkewa a daji. Makanikena ya ƙi yarda a tayar masa da ita da rana bayan ta yi zafi. Ya ce mu dawo da sassafe, shi zai fara tayar da ita da hannunsa, domin inji mai shan baƙin mai da safe yake tona kansa da shuɗin hayaƙi. Washegari ya tayar, ya tsuguna a bayan salansa, ya shafa yatsa a bakinta ya duba. Sannan ya ciro ɗan mayen ƙarfe daga aljihu ya bi jikin motar da shi, inda duk aka cike lotsawa aka shafe da fenti sai mayen ya ƙi kamawa, kuma haka ya gano cewa an taɓa bugun ƙofar baya ta dama. Ya nuna mini cewa lambar tafiyar da ke gaban sitiyari da mil take ƙirga, ba da kilomita ba, kuma kowane mil ɗaya kilomita 1.6 ne, ya ƙara da cewa kada ma in dogara da ita, domin mayar da ita baya ba wuya ba ne. Ya leƙa ƙarƙashi ya ce an cire abin da makanikai ke kira indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda ake yankewa a sayar saboda ƙarfe mai tsada da ke cikinta. Muka gwada lambar casis mai harafi da lamba 17 da ke ƙasan gilashin gaba da wadda ke jikin takardar kwastam, suka dace. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke zaune kusa da iyaka, tun da an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017, kuma mota mai gurguwar takarda tana iya kwana a hannun hukuma komai kyanta.

An yi mata kuɗi miliyan 4 da dubu 800. Na taya miliyan 3 da dubu 900, aka ce albarka. Makanike ya jero ƙofar da aka buga da indomin da aka cire da tayoyin da suka tsufa, aka sauko zuwa miliyan 4 da rabi. A nan ya kamata in tsaya a kan iyakata in juya, ko da za a kira ni daga baya ko ba za a kira ba. Amma na riga na kwana biyu a Kano, na gaji, kuma na riga na faɗa wa mutanen gida cewa da mota zan dawo, wanda shi ne babban wautar da na tafka, domin mai saye da ya ɗaure kansa da alkawari ya riga ya zubar da makaminsa. Aka sallama mini a miliyan 4 da dubu 300, na haura iyakata da naira dubu 250.

Daga nan motar ta fara karɓar nata. La'adar dillali dubu 50, sallamar makanike da kuɗin motar hayar da muka hau da abinci dubu 40. Canjin mallaka da sabunta takardu da inshora suka ci kimanin dubu 90, a ciki har da naira dubu 15 na ƙaramar inshorar da doka ta wajabta, wadda kafin 2023 dubu 5 ce. Tayoyin suna da sauran zane, amma lambobi huɗun da ke gefensu, waɗanda ke nuna mako da shekarar da aka ƙera taya, sun nuna biyu daga ciki tun 2016 suke, kuma ban yarda in ɗauki mahaifiyata a kan irinsu cikin zafin watan Afrilu ba, sai na canza duka huɗun a kan dubu 220. Ƙafafun gaba, da suka fara ƙara tun mako na biyu a kan burjin garinmu, suka ci dubu 180. Baƙin mai da man giya da fulogi dubu 95. Batir ya mutu cikin sanyin Janairu, dubu 75. A watan Mayu, muna dawowa daga Gujungu, allurar zafi ta tashi, na tsaya a gindin wata bishiyar maina ina kallon ruwa yana ɗiga daga lagireto, shi da famfon ruwa suka tafi da dubu 130. Jimilla naira dubu 880 cikin wata shida, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da na saye ta, kuma wannan mota ce da makanike ya duba ya ce lafiyarta ƙalau. Da ban haura iyakar Yaya ba, da na fita da sauran kusan dubu 470 maimakon dubu 220 da suka rage, waɗanda gidan mai ya lashe kafin damina ta yi nisa.

Game da motar kanta, ba ni da ƙorafi mai yawa. Kujerun baya suna kwantawa su baje, kuma shimfiɗar bayan roba ce mai tauri, don haka buhunan taki ko na gero ba sa ɓata ta, shara kawai ake yi a goge. Ta ɗan fi Corolla tashi daga ƙasa, abin da ya taimake ni a hanyarmu da damina, amma ƙafafun gaba kaɗai ke ja, kuma sau biyu yashi ya riƙe ni sai da samari suka tura. Kayan inji ba sa wahalar samu, domin na Corolla suna shiga, wani lokaci ma a Gumel ake samu ba sai an je Kano ba. Kayan jiki ne matsala. Da wani ɗan akuya ya sa na fasa fitilar baya, sai da na aika kasuwar Ƙofar Ruwa aka yi kwanaki ana nema. Tana ɗan rage baƙin mai, duk mako sai na zaro sandar awo na duba. Tankinta lita 50 yake ci, kuma zuwa Kano da dawowa, tafiyar kusan kilomita 120 kowane ɓangare, tana shan lita 24 zuwa 25, ko da yake Yaya ya ce ƙafata ce mai nauyi.

Abin da babu wanda ya saka mini a lissafi shi ne cewa motar ƙauye ba ta mutum ɗaya ba ce. Mu uku ne masu mota a garinmu, kuma ɗayan ba ya zama. Idan naƙuda ta tsananta da tsakar dare, ƙofata ake bugawa. Idan za a kai amarya ko za a je ta'aziyya Garki, dattijo ne zai zo da kansa ya ce: "Malam, a taimaka mana da motar nan," kuma babu bakin da zan buɗe in tambayi sa'an mahaifina kuɗin mai. Ba na da-na-sanin kai masu naƙuda, lada nake nema, amma mai ba ya sauka daga sama, kuma da dare babu gidan mai a kusa, sai 'yan bumburutu da nasu farashin. A wata ina ƙona lita 60 zuwa 70, wato kuɗin da ya kusa kai mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira dubu 70 da aka amince da shi a 2024, kuma fiye da rabin tafiye-tafiyen ba nawa ba ne. Yanzu na koma hawa babur zuwa makaranta, motar kuma tana ƙarƙashin rumfa sai da dalili.

Mutane suna yawan cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida, kuma da wannan karin magana dillalai ke ingiza mai saye ya ƙara miliyan guda ya ɗauki wadda ta fi. Ban ƙaryata maganar ba, amma a ganina ta fi dacewa da wanda ke da wata miliyan ɗin a ajiye. Ko Beljiyam ce, shekarunta sun kusa 20, roba ta bushe, kuma za ta nemi taya da batir da takardu kamar kowace. Wani maƙwabcinmu a garin gaba ya zuba duk abin da ya samu na kaka a kan mota mai kyau da ta fi tawa nesa ba kusa ba, giyarta ta lalace a wata na huɗu, kuma tun daga lokacin tana kan duwatsu a ƙofar gidansa, kaji na kwana a ƙarƙashinta, domin babu kuɗin gyara kuma ba ya son ya sayar a faɗuwa. Ni dai gonata ba ta kwana ba, na zuba taki a kan lokaci, kuma wannan ne kawai ya sa nake iya cewa cinikin bai cuce ni ba.

Da za a mayar da ni waccan ranar, Vibe ɗin zan sake ɗauka, amma ba zan wuce miliyan 4 ba, kuma ba zan faɗa wa kowa a gida ranar dawowata ba. Na'urar sanyaya cikinta ta daina aiki tun watan Agusta, an ce gyaran zai kai dubu 100, na ce ta jira. A kakar bana na ware buhu biyu na riɗi da sunan motar, domin makanike ya ce nan da shekara guda injin zai nemi a canza masa ringi, kuma mahaifiyata tana da ganin likita ranar Talata mai zuwa.