Karatun Injiniyan Lantarki na Yamma: Yadda Na Same Shi Cikin Shekara Shida

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin lantarki a wani kamfanin casar shinkafa, kuma shida daga cikinsu na yi su ne ina tashi daga aiki da ƙarfe huɗu, in yi sallar la'asar a masallacin kamfani, sannan in hau babur in nufi wata kwalejin fasaha ta gwamnati da ke gudanar da karatun yamma domin ma'aikata. A can na yi ƙaramar difloma, wato ND, a fannin injiniyan lantarki, yanzu kuma ina zangon ƙarshe na babbar difloma, wato HND. Abokan sana'a da yawa suna tambayata ko shirin ya cancanci kuɗi da lokacin da yake ci, shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda na same shi. Ba zan ambaci sunan kwalejin ba, domin akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa.

Sharuɗɗan shiga ba su bambanta da na ɗaliban safe ba. Ana neman kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi da fizis da kemistiri, kuma ana karɓar sakamakon WAEC ko NECO ko NABTEB. Ni da takardar NABTEB na shiga, tun da makarantar koyon sana'a na yi. Bambancin yana wajen tsawon lokaci da kuɗi: diflomar da ɗalibin safe yake gamawa a shekara biyu, mu shekara uku take ɗaukar mu, haka ita ma babbar, kuma abin da muke biya kowace shekara ya fi nasu nesa ba kusa ba. Shekara ɗayar nan ta sanin makamar aiki da ake sharɗantawa tsakanin ND da HND ba ta ba ni wahala ba, domin wasiƙar da kamfaninmu ya rubuta ta wadatar. Abin da ya fi tayar wa wasu hankali shi ne makin kammalawa, saboda wanda bai kai 2.50 ba a ND ba kasafai ake ba shi gurbin HND kai tsaye ba, kuma ma'aikacin da yake zuwa aji a gajiye yana iya faɗuwa ƙasa da wannan maki ba tare da ya ankara ba.

Abin da na fi yabawa, kuma shi ne dalilin da ya sa ban yi nadamar ko kwabo ba, shi ne yadda karatun ya bayyana mini dalilan abubuwan da hannuna ya daɗe yana yi. Kafin in shiga na iya haɗa akwatin tayar da babban moton lantarki ta hanyar da 'yan sana'a ke kira sita-dalta, wato a tayar da shi a wani haɗin waya da ake kira sita sannan a mayar da shi wani da ake kira dalta, na san inda kowace waya take shiga, har ina koya wa yara. Amma da a ce wani ya tsare ni ya ce in faɗa masa dalilin yin haka, da amsata ba za ta wuce cewa haka maigidana ya koya mini ba. A shekara ta biyu wani malami ya tsaya gaban allo ya nuna mana da lissafi cewa moto mai layi uku, idan aka sakar masa wuta kai tsaye, yana jan kusan ninki shida zuwa bakwai na abin da yake ja in ya daidaita, kuma idan aka fara tayar da shi a haɗin sita, kowane naɗin waya da ke cikin moton yana samun kusan kashi 58 cikin ɗari ne kawai na bolt 415 da layi yake kawowa, don haka abin da yake ja daga layi yana saukowa zuwa kashi ɗaya cikin uku. Sai ya ƙara da cewa ƙarfin juyawarsa ma zuwa kashi ɗaya cikin uku yake saukowa. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ta warware mini matsalar da ta shekara tana damun mu a wurin aiki, inda wani injin ɓare shanshera yake yanke wuta duk sa'ad da aka tayar da shi da sauran kaya a cikinsa. Mun sha canza na'urar kariya muna zargin jabu ce, ashe moton ne ba ya samun ƙarfin ɗaukar nauyin kafin a mayar da shi dalta. Washegari na roƙi masu aikin injin su riƙa zazzage shi kafin a kashe, na kuma gyara lokacin sauyawa, kuma tun daga ranar bai sake yi ba.

Irin wannan ya faru sau da dama. Na fahimci dalilin da ya sa wayar da ta isa a tazarar taku ashirin take ɗumi kuma wuta take raguwa idan aka ja ta zuwa bayan sito, na koyi lissafa kaurin waya maimakon in kintata, na kuma gane amfanin akwatin kafasitoci, wato na'urorin da ke riƙe cajin wuta, da ke kusa da taransifomarmu, wanda a da nake ganin kamar ado ne. Hanyar da wuta take biyowa daga manyan layuka masu kilobolt 330 da 132, ta sauko 33 da 11, kafin ta iso mana a bolt 415, ta zama abin da nake iya zanawa in yi bayaninsa. A nan ne ma'aikaci ya fi ɗalibin safe morewa, domin duk abin da aka rubuta a allo yana da inji na gaske da zai jingina shi da shi, kuma malaman kirki sun san haka. Akwai wani dattijo a cikinsu da ya yi shekaru a tashar rarraba wuta kafin ya koma koyarwa, wanda idan ya shigo yakan fara da cewa, "Malamai, wa aka kawo wa matsala yau a wurin aiki?" Daga amsar da aka ba shi yake gina darasin ranar. A ajinmu akwai ma'aikatan kamfanin rarraba wuta, da masu haɗa sola, da masu naɗin koyil, da sojoji biyu, kuma abin da na koya daga bakinsu a tsakanin magariba da shiga aji na biyu ba ƙarami ba ne.

Sai dai ba duka malaman ne haka ba, kuma a nan ƙorafina yake farawa. Yawancinsu sun koyar tun safe kafin su iso gare mu, don haka wasu sukan zo a makare, wasu su aiko a ce a kwafi takarda a karanta. Ga mutumin da ya roƙi abokin aiki ya riƙe masa ragowar aikinsa, ya sayi mai ya keto gari, a ce masa malam ba zai samu zuwa ba bayan ya zauna awa guda, abin yana da ciwo. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 wannan asara ta ƙara nauyi, har wasu da ke zuwa daga ƙananan hukumomi suka ajiye karatun. Saƙo ɗaya a zauren WhatsApp na aji da rana tsaka zai isa ya hana wannan, amma sau da yawa ba a turowa.

Babban rauni kuwa shi ne aikin gwaji. Manhajar da hukumar NBTE ta tsara, hukumar kula da kwalejojin fasaha da aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta take Kaduna, ta ba aikin hannu kaso mai yawa, domin a kansa aka gina karatun kwalejin fasaha. Amma ɗakunan gwaji da rana suke buɗe, masu kula da su kuma sukan tashi kafin mu iso. Idan an yi sa'a an buɗe mana, to wuta ce za ta ɗauke, kuma ba kullum ake tayar wa 'yan yamma janareta ba. Sakamakon haka sai a tara gwaje-gwajen zango guda a Asabar biyu ko uku, mutum goma sha biyar a kan na'ura ɗaya, biyu suna taɓawa sauran suna leƙe. Ni ban cutu sosai ba a ɓangaren injuna, tun da da su nake wuni, amma a ɓangaren ƙananan na'urori da sarrafa inji ta kwamfuta na fita da ƙaranci, sai da na biya wani ya koya mini a shagonsa. Wanda kuwa ya shigo daga aikin ofis ko kasuwa, bai taɓa riƙe mita ba, ina tsoron zai karɓi takarda alhali hannunsa bai faɗa ba. Tun da kuɗinmu ya fi na kowa, ina ganin haƙƙinmu ne a ware ma'aikacin ɗakin gwaji da man janareta domin yamma.

Game da wahalar haɗa aiki da karatu, Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma akwai gaskiya a ciki. Ana tashi wajen ƙarfe tara na dare, ga aikin gida da za a miƙa, ga fita da sassafe. Makon da aikin kwana ya faɗo kaina sai na nemi musanya, kuma hutuna na shekara gaba ɗaya a jarrabawa yake ƙarewa. Da azumi a bakin aji muke buɗa-baki da dabino da ruwan leda. Shekarun nan na rasa ɗaurin aure da zaman makoki da dama, kuma uwargida ce ta ɗauki nauyin duba karatun yara ita kaɗai. Duk wanda zai shiga ya fara zama da shugabansa na wurin aiki da kuma iyalinsa, domin waɗanda na ga sun bari a hanya yawancinsu ba lissafi ne ya kore su ba, canjin lokacin aiki ne.

Akwai kuma abin da ofishin ɗaukar ɗalibai bai yi mana bayaninsa ba, wanda ya kamata kowa ya sani kafin ya biya kuɗin fom. A unguwa ana kiran mai gyaran waya injiniya, amma a doka hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ce take yi wa masu wannan aiki rajista, kuma ta kasa su gida huɗu. Mai HND a rukunin masana fasahar injiniya yake, ba a rukunin injiniyoyi ba. Idan yana son ya hau can, sai ya ƙara da diflomar gaba da digiri, wato PGD, a fanninsa a jami'ar da aka amince da ita, sannan ya cika sauran sharuɗɗa. Digirin farko na injiniya kuwa ba abu ne da jami'o'inmu suka saba bayarwa da yamma ba, shi ya sa ma'aikaci yake bin wannan doguwar hanya. Haka nan wanda ya yi karatun yamma ba a tura shi hidimar ƙasa, takardar keɓewa hukumar NYSC take ba shi. Ga irina da na haura arba'in wannan ba komai ba ne, amma ga saurayi abin dubawa ne. Kuma kafin a biya komai a tabbatar NBTE ta tantance kwas ɗin a wannan kwaleji, a kuma bi sawu har a ga an shigar da suna a kundin JAMB, domin na ga waɗanda suka yi ta zirga-zirga a kan wannan bayan sun gama.

A wurin aiki an ɗaga ni zuwa mai kula da sashen lantarki bayan na kai takardar ND, kuma yanzu idan injiniyan da kamfani yake ɗaukowa daga waje ya zo, tare muke duba zane, in faɗi ra'ayina da hujja. Ga wanda yake cikin sana'ar, yana da iyali, ba zai iya ajiye albashi ba, ina ba shi shawarar ya shiga, da sharaɗin ya nemi aikin gwajinsa a waje. A bana yarana biyu da nake koya wa sana'a suka same ni da maganar. Babban, mai mata da 'ya'ya uku, ni na raka shi ya sayi fom ɗin yamma. Ƙaramin kuwa shekararsa ashirin da ɗaya, bai yi aure ba, mahaifinsa kuma yana da halin ɗaukar nauyinsa, don haka na ce masa, "Kai dai ka rubuta JAMB ka shiga na safe, ranar Asabar ka riƙa zuwa muna aiki."