Kuɗin koyon keke da na biya a filin firamare

A ƙauyukanmu ba a biyan kuɗi don koyon keke. Yaro ya tara kuɗin haya, ya karɓi tsohon keke wurin mai faci, abokinsa ya riƙe masa kariya ya tura shi, ya faɗa cikin ƙaya, ya tashi ya kaɗe wando, kafin hutu ya ƙare ya iya. Shi ya sa da aka ji wani tsohon malamin motsa jiki da ya yi ritaya ya haɗa kai da wani mai gyaran keke suna koyarwa a filin firamaren garinmu, nan ƙasar Ringim, har da biyan kuɗi, majalisa ta samu abin dariya. Ni dai na kai yarana biyu, mace da namiji, sannan na lallaɓa yayana ya shiga ajin manya. Ga abin da na gani.

Yaya ya haura shekara hamsin bai taɓa hawa keke ba, kuma bai taɓa jin ya rasa komai ba sai bayan 29 ga Mayun 2023, da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta wuce 500 cikin 'yan kwanaki. Kuɗin acaɓa zuwa gonarsa ta fadama ya zama wani abin lissafi. Ya sayi keke Phoenix na hannu, irin ɗan Chainan nan mai taya inci 28 da birkin ƙarfe, ya jingine shi a zaure yana kallo. Kunya ce ta hana shi. Dattijo mai surukai ba zai faɗi a gaban yara ba.

Malam ya san da wannan, sai ya sa ajin manya bayan sallar asuba, kafin gari ya cika. Abin da ya fara yi ya ba ni mamaki: ya sa mai gyara ya kwance feda biyun, ya sauke sirdi har tafin ƙafa ya taɓa ƙasa sosai. Yaya ya ce, "Malam, keke ba feda ai ba keke ba ne." Malam ya ce, "Alhaji, zama za ka fara koya, tuƙi na nan tafe. Tura da ƙafa, ka ɗaga kai ka kalli bishiyar can, kada ka kalli taya." Haka yake turawa, ya ɗage ƙafa, keken ya ɗan zarce da shi, in ya ji zai karkace ya sa ƙafa. Ba wanda ya riƙe masa kariya. Dalilin da Malam ya bayar shi ne, muddin wani na riƙe da kai, jikinka ba zai koyi gyara kansa ba, domin kan keke ne ke yin wannan gyaran, kana ɗan juya shi ta wajen da ka karkata ba tare da ka sani ba. Ranar da aka mayar da feda, aikin ya riga ya ƙare. Ban ga Yaya ya kai ƙasa ba ko sau ɗaya.

Amma in don wannan ne kaɗai, da ban ce kowa ya biya ba, musamman don yara. Ɗana ya iya keke tun kafin mu je, irin iyawar da ake zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda ana tafiya a karkace, a taka taya da silifa in za a tsaya. Inda kuɗina ya yi aiki shi ne da aka fita titi.

Titinmu ba na wasa ba ne. Ranar kasuwar Gujungu motoci ba sa tsagaitawa, ga tirelolin shanu da ke saukowa daga Maigatari bayan kasuwar Alhamis. Kuma rabin masu keken garinmu hannun hagu suke bi, suna fuskantar mota, wai don su ga abin da ke zuwa. Malam ya ce wannan dokar mai tafiya a ƙasa ce. Keke abin hawa ne, dama zai bi tare da motoci, kamar yadda ƙasar nan ta koma tun 1972. Direban da zai fito daga lungu, wajen da yake tsammanin mota yake dubawa, ba ya sa ran wani abu zai ɓullo masa ta hannun da bai dace ba. Wannan bayanin ya zauna min.

Darasin da ya fi burge ni na waiwaye ne. Yaro yana tuƙi a kan layin da aka ja da toka, Malam yana bayansa, sai ya kira sunansa ya ɗaga yatsu. Dole yaron ya waiga, ya faɗi ko yatsu nawa ne, kuma tayarsa ba ta bar layi ba. Da farko kowa sai ya kauce, domin inda kai ya juya nan hannu ke bi. Sai da suka gwane a wannan sannan ya koya musu sakin hannu ɗaya su nuna inda za su juya. Ya kuma sa suka tsaya a gefen wata babbar mota da ke ajiye, kowa ya hau kujerar direba ya duba madubi, ya ga da idonsa yadda abokinsa ke ɓacewa in ya raɓu da motar. Tun daga ranar ɗana ya daina maganar kama bayan tifa.

Birki ma an yi masa zama. A matsa biyun tare, a hankali. Wanda ya damƙe na gaba shi kaɗai a cikin rairayi zai sha ƙasa. Kafin a hau, a matsa taya a ji iska, a gwada birki, a duba sarƙa. 'Yata kuwa an nuna mata yadda za ta tattare hijabi kada ya shiga taya, Yaya aka ce ya naɗe babbar riga ko ya bar ta a gida.

Akwai inda suka gaza. Kekunan yara ba su isa ba, kuma babu masu taya inci 20 da suka dace da 'yan shekara bakwai zuwa tara, sai ka ga yarinya tana miƙa ƙafa da ƙyar. Hular kwano 'yan ƙalilan ce, ana karɓa-karɓa, ga gumi, har iyaye mata suka fara ƙorafin ƙwarƙwata. Ba a taɓa batun dare ba, alhali yawancin manya bayan magariba suke dawowa daga gona, keke ba fitila, ba abin da ke ƙyalli a baya, ga hazo in hunturu ya shigo. Abin da ya fi damuna shi ne kaya. Mu nan keke jakin talaka ne: buhun gero, jarkokin ruwa, damin harawa, ga goyon yaro a kariya, wanda ƙafarsa kan faɗa cikin taya. Duk koyarwar a kan keke ba kaya aka yi ta, kuma keken da aka ɗora wa buhu birkinsa da juyawarsa daban suke. Sannan babu mace mai koyarwa, don haka 'yan mata ƙanana ne kawai suka zo.

Na faɗa wa Malam duk wannan. Ya ce batun kaya da fitila za su shiga zagaye na gaba, bayan kaka, in an gama kai amfani gida. Wanda zai kai yaronsa ya tafi da keken da ya yi masa daidai, ko na aro ne, ya kuma tambaya tun farko ko za a fita titi. In a filin makaranta za a ƙare, mai haya ya ishe shi.