Katin girafik ɗin da za ka saya in sheda kake son rubutawa

Sheda (shader) dai ɗan guntun kod ne da kati ke gudanarwa a kan kowane ɗigon allo, shi ke sa ruwa ya yi ƙyalli, inuwa ta kwanta daidai a hoton 3D, to duk nauyin a kan kati yake, shi ya sa nake cewa kar ka yi gaggawar fitar da kuɗinka.

Ni GTX 1650 nake ba kowa shawara, wallahi ba na ɓoyewa. Ya fito a 2019, yana da memori 4GB, ƙananan injinan lissafi 896, kuma wat 75 kawai yake ja, galibinsu ma ba sai ka jona musu wata waya daga akwatin wutar kwamfuta ba, ka soka shi a uwar allo shikenan. Ga wanda ke aiki da inbata da batiri wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yana ɗaukar Vulkan, wato hanyar da manhaja ke bi ta yi magana da kati, don haka Godot 4, manhajar haɗa gem, na tafiya lafiya lau, GLSL ɗinka (yaren rubuta sheda) a Shadertoy, shafin gwada sheda a intanet, ma haka, ka canza layi ɗaya ka ga ruwan ya sauya nan take.

RX 580 ya fi shi ƙarfi amma wat 185 yake sha, kuma da yawansu an gama gasa su wajen haƙar kirifto. Na Intel da ke cikin laftof kuwa na fara koyo ne kawai.

Yanzu ga inda na ƙone. Na taɓa sayen GTX 1050 Ti a hannun wani, kwali sabo fil, farashi mai daɗi, ina zuwa gida na buɗe Godot 4 ya ce babu Vulkan. Ashe tsohon GTS 450 ne na 2010 aka sauya wa BIOS, wato manhajar da ke cikin katin, yake amsa sunan da ba nasa ba. Kwana uku ina zargin kod ɗina!

Don Allah kafin ka biya juya katin ka duba bayansa, in ka ga ramin VGA mai shuɗi, na tsohuwar wayar jona allo, a jikin abin da aka ce 1050 Ti ne ajiye musu kayansu, na gaske ba ya zuwa da shi. Sannan ka sa a jona shi a gabanka ka buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, 1050 Ti na gaskiya injinan lissafi 768 zai nuna, jabun 192. Haka RX 580 mai 2048SP, injinansa 2048 ne kawai, cikakken kuwa 2304 ne. Mai kaya ya ce babu wutar gwaji yau, ka ce masa gobe ka dawo.