Gargaɗi ga iyalai a Damagaram: masu sayar da tsofaffin kayan ɗaki na jabu suna bin wuraren cin abinci

Ƴan uwa mazauna Damagaram da kewaye, musamman iyayen da ke fita da yara ranar Asabar, Lahadi ko lokacin bukukuwan Sallah, a yi hattara da wasu masu kiran kansu dillalan tsofaffin kayan ɗaki. Suna tallar gado mai rumfa, adaka, kujerun katako, akushi, ƙofofin da aka sassaƙa da kwanukan jere, suna cewa daga wani babban gida na cikin tsohuwar unguwar Birni suka fito, ko kuma wai wani Bature ne ya bar su tun zamanin mulkin mallaka. Mafi yawan abin da ke hannunsu sabon aiki ne da aka tsufar da gangan. Wani lokaci ma babu kayan sam, hoto ne kawai a waya.

Labarin nasu yana shiga kunne saboda garin yana da tarihin da za a jingina masa ƙarya. Faransawa sun mamaye Damagaram a 1899, kuma nan ne babban birnin ƙasar Nijar daga 1911 har 1926 da aka mayar da shi Yamai. Fadar Sarkin Damagaram da gidajen Birni da Zango masu zane a bango suna nan kowa yana gani. To idan mutum ya ce maka wannan tebur daga ofishin wani kwamanda ya fito, ba ka jin abin ya yi nisa da hankali.

Ga yadda suke yi. Ba su cika tarar mutum shi kaɗai ba, iyali suke nema. Za su hango maigida da uwargida sun zauna a gidan abinci ko wajen mai nama da yamma, yaro ɗaya yana kuka, wani ya zubar da lemo, jariri yana baya. Sai mutum ya matso da fara'a, ya gaishe ku, ya yi wa yara wasa, har ya saya musu alewa, sannan ya ce: "Alhaji, ranka ya daɗe, na ga alama ka san darajar kayan da. Hajiya, dubi wannan gadon, irin na kakanninmu ne, yanzu babu shi a kasuwa." Ya buɗe hotuna a waya. Daga nan sai gaggawa ta shigo: magada ne ke neman kuɗi yau, wani daga Yamai ya riga ya taya, gobe da safe mota za ta ɗauka. A ce kayan jika 150 ne, sai ya nemi kafin alƙalami jika 30, wato sefa 30,000, don ya riƙe maka. Ya san ba za ka bar abinci da yara ka bi shi ka duba ba, kuma ko ka bi shi, magariba ta kawo kai, ɗakin ajiyar ba fitila, yara suna jan riga a tafi gida. A kan wannan raba hankalin ya gina sana'arsa gaba ɗaya.

Bayan an biya, abu uku ne ke faruwa. Ko lambar ta daina shiga. Ko a fara ja maka rai: kaya suna hanya daga Magarya, duwan, wato jami'an kwastan, sun tsare mota, ƙaro jika 10 a fitar. Ko kuma a kawo maka kaya da dare a amalanke, da gari ya waye ka ga ba wanda aka nuna maka ba ne.

Akwai wani salon da ake yi ta Facebook da WhatsApp, musamman gab da Sallah. Sai ka ga sanarwar "ranar iyali" a wani lambu ko gidan abinci: abinci, wasan yara, da baje kolin kayan gargajiya, a biya kuɗin tebur tun yanzu ta waya domin wurare sun kusa ƙarewa. Sau da yawa masu gidan abincin da aka ambata ba su ma san da zancen ba, sunansu da hoton wurinsu kawai aka ɗauka. Damagaram ba ta da girman da za a ce zuwa wurin ya gagara. A hau kabu-kabu a je a tambayi mai wurin baki da baki, a ji farashin faranti, a ji ko ana biyan kuɗin shiga na yara, a biya a hannunsa ya ba da takarda.

Yanzu ga yadda ake gane kayan, don nan ne aka fi cutar mutane.

A fara da juya kayan a dubi inda ido ba ya kaiwa: ƙarƙashin tebur, bayan adaka, cikin aljihun tebur, gindin ƙafafu. Mai tsufar da kaya fuska yake wa aiki, ba ya ɓata lokaci a ciki. Idan waje baƙi ƙirin ne amma ciki fari tas yana ƙamshin sabon katako, magana ta ƙare. Katakon da ya shekara da yawa yana yin duhu ko'ina, har inda ba a taɓa shafa masa komai ba.

Baƙin da suke sa wa katako kuwa, da baƙin man mota suke yi, ko man goge takalmi, ko ruwan bagaruwa da aka jiƙa da tsatsar ƙarfe, irin haɗin da dukawa ke baƙanta fata da shi. A je da farin ƙyalle, a ɗan jiƙa shi da kananzir a goga a wani lungu. In ya ɗebo baƙi mai maiƙo, shafe ne na kwanan nan. A kuma sunsuna, musamman idan kayan sun sha rana: warin baƙin mai ba ya ɓuya.

Sai ƙusoshi. Sukuru mai kan gicciye bai fara yaɗuwa ba sai cikin shekarun 1930, saboda haka teburin da aka ce na kafin 1926 ne, amma duk jikinsa irin wannan sukurun ne kuma babu alamar tsohon rami a gefensa, ba na lokacin ba ne. Ana iya samun ɗaya ko biyu na gyara, wannan ba laifi. Haka katakon nan na garin itace da aka matse da gam, wanda ke kumbura ya ruɓe da ya sha ruwa, bai fara fitowa ba sai bayan wancan zamanin da nisa. In ka gan shi a bayan kabad ko gindin aljihu, sabon haɗi ne. Idan kuma aka ce aikin masassaƙan gida ne na zamanin kakanni, a shafa bayan katakon da hannu: gizago yana barin sara marar daidaito, zarton inji kuwa yana barin layuka masu lanƙwasa a jere. Amma a lura, har gobe masassaƙa da gizago suke aiki, don haka saran gizago shi kaɗai ba shaidar tsufa ba ne. Abin da ke nuna shekaru a akushi ko kujerar tsugunno shi ne sulɓin da hannu da zama suka bari a inda ake kamawa, da cinyewar gindi inda yake gogar ƙasa. Kayan jabu an goge su da samfefa ko'ina daidai wa daida, har wuraren da hannu ba ya taɓa zuwa.

Ramukan ƙwari ma ana ƙirƙira su da ƙaramar ƙusa. A zura allura: ramin ƙusa miƙe yake, allura ta shige kai tsaye, ramin ƙwaro yana karkacewa a ciki. Idan kuma ka buga katakon ka ga gari mai laushi yana zubowa, ƙwarin suna nan da rai, za su bi sauran kayan ɗakinka. Wurin da gara ta ci kuwa yana amsa kamar fanko idan an ƙwanƙwasa, ko da an cike bakin da garin katako da gam an shafe. A danna ƙafafun kujera da bakin mabuɗi, in ya nutse a bar ta.

Gadon ƙarfe da ake cewa na tagulla ne zalla, gwajinsa mai sauƙi ne. A ciro maganaɗisu daga tsohuwar sifika a manna. Ba ya kama tagulla. In ya kama, baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ruwan zinare ko aka lulluɓe da siririn tagulla. Gaskiya ne da yawa daga gadajen da na asali ma ƙarfe ne da adon tagulla a kawunansu, saboda haka kamawar maganaɗisu ba ta nufin gadon sabo ne, tana nufin kada ka biya kuɗin tagulla. A dubi mahaɗa kuma: tabon walda mai tudu-tudu da aka rufe da fenti aikin mai walda ne na cikin gari.

Ba mu ce sabon aikin kafinta ko na masassaƙi abin ƙi ba ne. A kasuwar Dole ranar Alhamis, ko kasuwar Miriya ranar Lahadi, za ka samu masu sana'a suna sayar da aikin hannunsu da sunan sabo, a kan farashinsa, kuma shi ya fi dacewa da gidan da ke da ƙananan yara. Zaluncin shi ne a sayar maka da aikin wata biyu a kuɗin na shekara ɗari.

Abin da ya fi damun mu ma ba asarar kuɗin ba ne, lafiyar yara ne. Tsohon fenti, musamman ja, rawaya da fari na kan ƙarfe da katako, sau da yawa yana ɗauke da dalma. Yaro mai rarrafe yana cizon bakin gado, yana tsintar ɓawon fenti ya kai baki. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma illar ba ta gyaruwa. Maƙwabtanmu na Zamfara sun rasa ɗaruruwan yara a 2010 sakamakon gubarta daga aikin haƙar zinare. Kada a kankare tsohon fenti a bushe cikin gida, kada a ƙona shi, kada a sa yaro ya kwana a gadon da fentinsa ke ɓarewa. Akushin da aka baƙanta da man mota bai halatta a zuba masa tuwo ba, haka kwanon da farin cikinsa ya farfashe. Gadon jariri mai sanduna, kada tazarar da ke tsakanin sanda da sanda ta wuce santimita 6, don kai na iya maƙalewa. Adaka mai makullin da ke kama kansa a cire makullin, a huda mata ƙofar iska, domin yara suna shiga ciki wajen wasan ɓuya. Dogon kabad a ɗaure shi da bango ta sama, yaro na iya jan aljihu ya taka, ya faɗo masa.

Duk abin da aka saya, ko na gaskiya ne, kada ya shiga ɗaki ranar. Kuɗin cizo yana ɓuya a mahaɗar gado da tsagar katako, alamarsa ɗigon baƙi kamar na tawada. A kwance gadon gunduwa-gunduwa, a zuba wa mahaɗun ƙarfe tafasasshen ruwa, na katako kuma a naɗe su da baƙar leda a ajiye a tsakar rana kwana uku zuwa huɗu ana juyawa. Zafin bazara na watan Afrilu da Mayu ya fi yin wannan aikin. Lokacin hunturu ba a dogara da rana kaɗai. Tsohuwar katifa ko matashi da aka haɗo da shi kuwa a bar wa mai shi.

Waɗannan masu kiran kansu dillalai suna da wata fuskar kuma: saye. Suna shiga gidaje lokacin da maza ba sa nan, su ce wa tsofaffi, "Inna, wannan tsohon tarkacen me za ki yi da shi? Kawo in ba ki sabbin roba da kuloli." Su karɓi tasar tagulla ko adakar gado a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wasu su nuna saƙon waya cewa kuɗi sun shiga, alhali su suka rubuta saƙon daga wata lamba. Saƙo ba kuɗi ba ne. A buɗe asusun a duba abin da ke ciki kafin kaya su fita zaure. A gaya wa iyaye mata da kakanni wannan, don su aka fi nufa. Mai saye ma ya sani, kayan gadon da ba a raba ba, ɗaya daga cikin magada ba shi da ikon sayarwa shi kaɗai, kuma kayan sata idan aka same su a ɗakinka kai za a fara tambaya. Abin da ya shafi tarihin ƙasa kuma akwai dokar 1997 da ke kare shi, ba a fitar da shi waje yadda aka ga dama. Wanda ya ce maka kayan fada yake sayarwa a ɓoye, ko dai ƙarya yake yi, ko kuma yana jawo ka cikin rigimar da ta fi ƙarfinka.

Ranar fita da yara a bar ta ta zama ta cin abinci da yawo. In wani ya nuna maka kaya sun burge ka, karɓi lambarsa ka ce sai gobe da hantsi. Ka je ba tare da yara ba, da kafintan da ka yarda da shi, a fito da kayan fili. Ka tambayi gidan da suka fito da mai unguwar wurin. Dillalin gaskiya yana da rumfa ko zauren da aka san shi, yana da waɗanda za su tsaya masa, kuma la'adarsa a bayyane take. Idan ta waya ne, a sa shi ya kira ta bidiyo, ya rubuta kwanan watan ranar a takarda ya ɗora kan kayan, ya juya su ka ga ƙasa da baya. Kada a ba da kafin alƙalami a kan hoto. A biya bayan an ɗora kayan a amalanke ko mota kana tsaye, a rubuta takarda mai sunan mai sayarwa, lambar katinsa na ɗan ƙasa, siffar kayan, kuɗin, da shaidu biyu. Rasit ɗin wurin aika kuɗi yana nuna ka aika ne kawai, ba ya nuna abin da ka saya.

Wanda abin ya riga ya faɗa masa, kada kunya ta sa ya yi shiru, kuma kada ya ƙara ko dala da sunan kuɗin duwan ko na mota. Ya adana lambar wayar, hotunan, saƙonnin murya da rasit, ya ɗauki hoton shafin kafin a goge shi, ya je wurin da ya aika kuɗin nan take ko ba a riga an karɓa ba, sannan ya kai ƙara komisariya, ko wajen jandarma idan a wajen gari ne. Ya kuma sanar da mai gidan abincin da aka tare shi, don ma'aikata su gane fuskar mutumin idan ya dawo.