Devise da fom mai goyo: abin da na gani a aikin rajistar wata makaranta a Aboabo

Shugaban wata makarantar Islamiyya da ke unguwar Aboabo a nan Kumasi ya kira ni ofishinsa a ƙarshen zangon karatun da ya wuce, ya ɗora littattafan rajista guda uku a kan tebur, waɗanda bangonsu ya fara ɓarewa saboda yawan hannu, sannan ya ce: "Malam, so nake uba ko uwa su zauna da wayarsu su rubuta sunansu da sunayen 'ya'yansu a zama ɗaya, ba sai sun bar kasuwa sun zo sun yi layi a bakin ƙofar nan ba." Na karɓi aikin, na gina manhajar da Ruby on Rails, wato tsarin da ake gina manhajojin yanar gizo da shi, kuma na ɗora sashen rajista da shiga a kan Devise, wani shiryayyen kayan aiki da ake ƙarawa a kan Rails don kula da asusun masu amfani. Abin da ke biye hukuncina ne a kan Devise a wannan aiki guda, wato karɓar bayanan mai rajista tare da na waɗanda ke ƙarƙashinsa a shafi ɗaya. Ni da abokan aikina muna kiran irin wannan fom mai goyo, domin fom ɗin uwa ne ɗauke da na yara a bayansa.

Devise kyauta ne, yana ƙarƙashin lasisin MIT, kuma kamfanin Plataformatec na ƙasar Brazil ne ya fitar da shi a 2009, José Valim na cikin waɗanda suka rubuta shi. Bayan da Nubank ya sayi kamfanin a 2020, kula da shi ya koma hannun ƙungiyar heartcombo. An raba shi sassa goma, kowa ya ɗauki wanda yake buƙata: akwai na rajista, da na tabbatar da imel, da na maido da kalmar sirri, da na kulle asusu idan an yi ta kuskuren shiga, da sauransu. Kalmar sirri ba ya ajiye ta a fili, yana murɗe ta da wani lissafin ɓoyewa mai suna bcrypt kafin ta shiga rumbun bayanai. Wannan sashen ba ni da ƙorafi a kansa ko kaɗan, domin cikin rabin yini na samu shafin rajista da na shiga da na fita suna aiki, kuma aiki ne wanda da hannuna zan rubuta shi da na ci kwanaki ina fargabar inda na bar ƙofa a buɗe.

Inda aikin ya fara neman natsuwa shi ne wurin goyon. A yadda Devise yake zuwa, abu uku kacal yake karɓa daga fom ɗin rajista: imel, da kalmar sirri, da maimaicinta. Duk wani gurbi da aka ƙara, ko da sunan mai rajistar ne, ba zai wuce ba sai an ambace shi da sunansa. Wannan tsanani yana da tarihi. A watan Maris na 2012 wani mai rubuta manhaja, Egor Homakov, ya nuna cewa ana iya cusa gurbin da ba a tanada ba cikin fom, kuma ya nuna hakan a kan GitHub kansa, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, inda ya samu ikon rubutu a ma'ajiyar Rails. Daga Rails 4.0 a 2013 sai aka mayar da ƙa'idar ta zama cewa ba a karɓar komai sai abin da aka ba izini. Ina goyon bayan wannan ƙa'ida da zuciya ɗaya. A manhajar makarantar akwai gurbin da ke bambance malami da uba, kuma ba don wannan shinge ba, duk wanda ya san kan burauza zai iya yi wa kansa rajista a matsayin malami ya karanta adireshin gidajen yaran mutane.

Kafin fom mai goyo ya yi aiki sai wurare huɗu sun yi magana da murya ɗaya. A teburin iyaye, wato inda ake tsara bayanansu a rumbu, ana bayyana cewa kowane mai rajista yana da yara, sannan a ƙara umarnin accepts_nested_attributes_for, wanda ya shigo Rails tun fitowa ta 2.3 a 2009. A shafin fom ana amfani da fields_for don fitar da guraben yaran. A mai sarrafa rajista, wato sashen manhajar da ke nuna fom ya kuma karɓe shi, dole a gina yaran wofi, waɗanda ba a cike bayanansu ba tukuna, kafin a nuna shafin, in ba haka ba guraben ba za su fito ba sam, mutum ya zauna yana kallon fom babu wurin rubuta ɗa ko ɗaya. Na huɗu shi ne ba da izini ta devise_parameter_sanitizer.permit, inda ake jera sunan kowane gurbi na uba da na yaro. Wannan salon izini ya zo ne da Devise 4 a 2016, kuma har yanzu intanet cike take da tsofaffin darussa masu koyar da salon da ya gabace shi, don haka duk wanda zai kwafi misali ya fara duba shekararsa.

A wuri na huɗun ne na yi tuntuɓe, kuma kuskuren nawa ne. Teburin yaran na sa masa suna children, saboda Rails yana jam'inta sunaye da ƙa'idar Turanci, kuma da na zo ba da izini sai na rubuta children ɗin kawai, alhali fom ɗin yana aiko da bayanan da sunan children_attributes. Ranar gwaji mun tara wasu iyaye kaɗan a ajin da ke kusa da ofis bayan sallar la'asar. Wata Hajiya mai sayar da atamfa a Kejetia ta cike nata a tsanake, ta rubuta yara uku da shekarunsu da ajin kowa, ta danna, shafin ya yi mata maraba da zuwa. Da muka buɗe ɓangaren malamai sai ga sunanta shi kaɗai, babu yaro ko ɗaya. Ta miƙo mini wayar ta ce: "Ɗana, ina yaran suka shiga? Ni dai na rubuta su da hannuna." Gaskiyarta ce. Bayanan sun iso uwar garke, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kai, an zubar da su a bakin ƙofa, kuma shaidar da ta rage ita ce layi ɗaya a kundin aikin manhajar da ke cewa an ga gurbin da ba a ba izini ba.

Wannan shirun shi ne babban abin da nake so mai karatu ya sani kafin ya ɗauki Devise don irin wannan aiki. Ɗabi'a ce ta Rails wadda aka rubuta a littafin jagorarsa, Devise ya gaje ta ne, kuma tana da hujja, tun da ba a son manhaja ta riƙa faɗuwa duk lokacin da wani ya aiko da shara. Amma ga wanda yake cikin gini, kuskuren da ke ihu ya fi wanda ke murmushi sauƙin kamawa nesa ba kusa ba. Maganin layi ɗaya ne: a saita action_on_unpermitted_parameters ya riƙa tayar da kuskure a kwamfutar gini da wurin gwaji. Tun ranar da na kunna shi ban sake rasa gurbi a ɓoye ba, kuma yanzu shi ne abu na farko da nake yi a kowane sabon aiki, kafin ma in zana shafi.

Akwai tarko na biyu a shafin gyaran asusu, wanda Devise yake ba shi jerin izini dabam da na rajista. Idan aka manta da ba da izinin lambar shaidar kowane yaro, wato id, to duk lokacin da uba ya gyara lambar wayarsa ya adana, Rails zai ɗauki yaran a matsayin sababbi ya sake rubuta su, mai yara uku ya wayi gari da shida. Wannan na kama shi a gwaji kafin ya kai ga iyaye. Haka kuma cire yaron da ya sauke karatu ko ya koma wata unguwa yana buƙatar a kunna allow_destroy, a kuma ba gurbin _destroy izini. Babu mai wuya a cikinsu, sai dai kowanne yana zaune a fayil dabam, kuma babu abin da zai tuna wa mutum cewa ya gyara uku ya bar ɗaya.

Da aka daidaita waɗannan, abin da na samu ya gamsar da ni ƙwarai. Rails yana adana uba da yaransa a dunƙule, ko duka su shiga ko kuma babu wanda ya shiga, don haka idan bayanin yaro na uku bai inganta ba, ba a barin rabin iyali a rumbu. Idan fom ya dawo da kuskure, sunayen da aka rubuta suna nan a gurabensu, kalmar sirri kaɗai ake sharewa, kuma wannan rahama ce ga dattijon da ya ɗauki minti goma yana laluben haruffa a ƙaramar waya. Na tanadi layuka huɗu na yara, na sa reject_if ya yi watsi da waɗanda aka bari wofi, domin mai ɗa ɗaya kada a tilasta masa cike huɗu. Sai dai wannan yana da nasa sakamakon: layukan wofin suna ɓacewa idan fom ya dawo da kuskure, sai na rubuta abin da zai sake gina su. Saƙon kuskure ma da farko cewa kawai yake yi sunan yaro ba ya nan, ba tare da faɗin wane yaro ba, har sai da na kunna index_errors.

Raunin da ya fi damuna a wurinmu ba na goyo ba ne, na imel ne. An gina Devise a kan tunanin cewa kowane mutum yana da imel kuma yana duba shi, alhali yawancin iyayen da na zauna da su a Aboabo da Asawase da Sabon Zango lambar waya suka sani, ita ce ta kira, ita ce ta WhatsApp, ita ce ta karɓar kuɗi. Ana iya mayar da lambar waya ta zama mabuɗin shiga ta hanyar authentication_keys, kuma a gaya wa sashen tantancewa cewa imel ba dole ba ne, wannan bai ɗauke ni lokaci ba. Amma sashen tabbatar da asusu da na maido da kalmar sirri duk ta imel suke aika saƙo, babu hanyar saƙon tes a cikinsu, don haka wannan na rubuta shi da kaina. Sai kuma daidaita lambobin, domin wani zai fara da sifili ya rubuta lambobi goma, wani zai fara da 233, wani ya saka tazara a tsakani, kuma idan ba a mayar da su siga ɗaya kafin adanawa ba, mutum ɗaya zai zama mutum biyu. Saƙonnin da Devise ke zuwa da su na Turanci ne, amma suna tare a fayil ɗaya mai sauƙin fassarawa, na mayar da su Hausa a zama biyu, shugaban makarantar ya duba ya gyara mini wasu kalmomi.

Adireshin gida ma na saka shi a matsayin goyo na biyu, da gurbin unguwa da na lambar GhanaPost GPS, wato adireshin gida na zamani da aka ƙaddamar a 2017, wadda ta cikin birnin Kumasi ke farawa da AK. Ban sa ta dole ba, saboda na lura mutane da yawa sai sun fita sun duba bangon gida kafin su tuna da ita, na ƙara gurbin kwatance inda mutum zai rubuta bayan masallaci kaza ko kusa da famfo kaza, kuma wannan gurbin ne malamai suka fi amfani da shi. An ba ni shawarar in ƙara lambar Ghana Card ta iyaye, na ƙi. Dokar kare bayanai ta 2012, wato doka mai lamba 843, ta ɗora nauyi a kan duk wanda ke tara bayanan mutane, ta kuma sa bayanan yara cikin waɗanda ake yi wa kulawa ta musamman, kuma makaranta ba ta da buƙatar lambar katin uba don ta san ajin ɗansa. A nan tsarin izinin Devise ya yi mini amfanin da ban zata ba, domin jerin guraben da aka ba izini shi ne jerin duk abin da makarantar ke karɓa, na buga shi a takarda ɗaya na kai wa shugaban, muka bi shi layi-layi muna tambayar amfanin kowanne, muka soke biyu.

Rails 8, wanda ya fito a ƙarshen 2024, ya zo da nasa tsarin shiga, kuma wani ƙanena a sana'a da ke aiki a Accra ya tambaye ni ko ba gara a yi amfani da shi ba. Amsata ita ce wancan tsarin yana ba da shiga da maido da kalmar sirri, amma shafin rajista mutum ne zai rubuta abinsa, don haka wanda fom ɗinsa ya yi nisa da na yau da kullum, mai matakai da yawa ko goyo cikin goyo, zai iya samun sa ya fi masa sauƙin juyawa. Ga aiki irin na makarantar nan, uba ɗaya da yaransa da adireshi ɗaya, zan sake ɗaukar Devise ba tare da jinkiri ba, da sharaɗi biyu: a kunna tayar da kuskure tun ranar farko, kuma a rubuta gwajin da zai yi rajistar uba da yara biyu, ya gyara asusun, sannan ya ƙirga yaran ya tabbatar har yanzu biyu ne.

Hajiyar ta sake yin rajistarta washegari daga shagonta, yaran uku suka fito a ɓangaren malamai kowa da ajinsa. Littattafan nan uku suna nan a kabad ɗin ofis, domin akwai iyayen da ba su da wayar da ke shiga intanet, su kan zo da kansu, wani malami ya cike musu fom ɗin a kwamfutar makaranta suna zaune a gefensa suna faɗa masa sunayen.